Yadda ake wanke kafireton babur da na'urar altirasonik

Babur ɗin da ba ya tashi da safe sai da cok, ko wanda ke mutuwa da zarar an saki totur a bakin danja, ko wanda za ka jingine ka dawo ka tarar mai ya ɗiga a ƙarƙashinsa, kafireto ake fara zargi, kuma galibi zargin yana kan hanya. Ƙurar hunturu, da man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka, da tsatsar tanki, da fetur ɗin da ya bushe ya zama danƙo bayan an ajiye babur wata da watanni, duk wuri guda suke taruwa: cikin 'yan siraran hanyoyin da aka huda a jikin kafireton. Wankin da aka saba yi da fetur a gwangwani da tsohon buroshi yana fitar da dattin da ido ke gani. Wanda ke hana babur silo kuwa, wato aikin inji idan an saki totur, yana can cikin ramin da faɗinsa bai kai rabin milimita ba.

Na'urar altirasonik kwano ce ta silba, an manna mata wasu 'yan faifai a gindi waɗanda ke girgiza ta, yawanci sau 40,000 a daƙiƙa ɗaya. Girgizar tana tayar da ƙananan kumfa a cikin ruwan, suna fitowa suna fashewa nan take, fashewar tasu a jikin ƙarfe ita ke ɓamɓare datti. Idan ka taɓa zama wurin masu gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, wataƙila ka ga 'yar ƙaramarta ana wanke allon wayar da ta faɗa ruwa. Abin da kake bukata ka riƙe game da aikinta guda ne: inda ruwa ya shiga kawai take wankewa. Ramin da jet (ɗan notin tagulla mai huji da mai ke bi) ya rufe bakinsa, ko wanda iska ta maƙale a ciki, yadda ya shiga haka zai fito. Wanda ya jefa kafireto a haɗe ya danna maɓalli, bayansa kaɗai ya wanke.

Kayan da za ka tanada

Na'urar kanta. Ga kafireton babur mai silinda ɗaya, irin Boxer, Jincheng, Haojue, TVS ko Honda CG125, mai cin lita 3 tana ɗauka amma a takure. Mai lita 6 ta fi sakewa, za ka iya juya kafireton yadda kake so. Ta masu gyaran waya jet kawai za ta wanke maka. Nemi wadda ke da hita da agogo da kwando. Kafin ka jona, karanta abin da aka rubuta a bayanta: wutarmu 220 zuwa 240 ce, wadda aka ƙera don kasuwar Amurka kuwa 110 zuwa 120 take sha, ka jona ta kai tsaye ta ƙone. Mai lita 6 har da hitarta ba ta cika wuce wat 500 ba, don haka ƙaramin janareto yana ɗaukar ta idan babu wuta.

Ruwan wanki. Ruwa mai tsabta da sabulun ruwa na wanke kwanuka, kamar cokali ɗaya a kowace lita. Ya isa. Idan ka samu ruwan wankin da aka yi musamman don wannan na'ura, wanda aka rubuta cewa ba ya cin alminiyam, ya fi ƙarfi a kan busasshen mai. Bi ma'aunin da ke jikin robarsa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gartsi yana barin farin tabo, don haka ko ba ka samu na kirki don wanki ba, ajiye fiya wata ko ruwan sama don ɗauraya.

Sauran kaya: sukudireba fulat manya da ƙanana masu lafiyayyen baki, sukudireba sita, sifana 7 da 8 da 10, filaya mai dogon baki, tsohon buroshin goge baki, tsinken sakace, sirinji babu allura, ƙaramar kwalbar gilashi, faranti ko tire mai fari, tsumma mara gashi, gwangwanin feshin wanke kafireto mai ɗan siririn tiyo, iskar kwamfuresa, tabarau na kare ido, da wayarka don ɗaukar hoto. Sayi sabon gasket na kofi, wato mazubin man da ke gindin kafireto, da zobban roba tun kafin ka kwance, domin tsohon ba kasafai yake komawa ya riƙe mai ba.

Sai abin da ba a zubawa cikin kwanon ko da wasa. Fetur, tina, kalanzir da sifirit: na'urar tana ɗumama ruwa tana kuma tayar da tururinsa, ga wutar lantarki a ƙarƙashi, gobara ce kake haɗawa da hannunka. Sodar yin sabulu, kanwa, ruwan toka da bilic: jikin kafireto alminiyam ne ko haɗin tutiya, waɗannan suna cin sa, ya fito baƙi ko toka-toka yana zubar da gari. Garin sabulun wankin kaya bai kai su zafi ba, amma shi ma yana dusashe ƙarfen idan aka daɗe. Masu tsami kuma, irin lemon tsami da binega, balle asid ɗin batir, suna kankare rufin da ke jikin notuna su bar su ga tsatsa, suna kuma sauya launin jet.

1. Sauke kafireton

Bari inji ya huce. Yi aikin a fili, nesa da mai shan taba da murhun mai shayi. Rufe famfon mai, kwance notin da ke gindin kofi, ka tari man a kwalba mai haske. Tsaya ka dube shi, domin zai gaya maka abin da za ka tarar: ɗigon da ya kwanta a ƙasa bai gauraya ba ruwa ne, jan gari tsatsar tanki ce, mai da ya koma ruwan ɗorawa yana wari tsohon mai ne.

Ɗauki hoto ta kowane gefe kafin ka zare tiyo ko waya. Murɗe murfin sama, fistan ɗin totur da doguwar allurarsa za su fito rataye da waya. Naɗe su da tsumma kada allurar ta lanƙwashe. Sassauta ɗamarar ɓangaren iya kilina, wato matatar iska, kwance notuna biyu na ɓangaren inji, ka janye kafireton. Lura da yadda baƙin faifan da ke tsakaninsa da inji yake zaune da zoben robarsa. Cusa tsumma mai tsabta a bakin injin.

2. Fara da wankin hannu

Laka da baƙin mai na bayan kafireto ba aikin na'ura ba ne. Maiƙo yana rage ƙarfin kumfar, kuma dattin waje zai bi ruwa ya shiga ramukan da kake son buɗewa. Goge shi da buroshi da ɗan kalanzir a wani mazubi daban, ka share da tsumma ya bushe.

3. Ƙirga notin iska kafin ka taɓa komai

A gefen kafireto akwai notuna biyu. Babban, mai sifirin a fili, shi ke ɗaga fistan ɗin totur, shi ne notin silo. Ƙaramin da ya nutse cikin rami shi ke daidaita haɗin mai da iska a silo, shi makanikai ke kira notin iska. Murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga rabi-rabi har ka ji ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin. Yawanci za ka samu tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Da ka ji ya taɓa, tsaya. Bakinsa siriri ne, matsa ɗaya ta isa ta karya shi a ciki ko ta buɗa mazauninsa, daga nan kuma babu saitin da zai zauna.

Sannan ka kwance shi gaba ɗaya. A yawancin kafiretoci abu huɗu ne a jere: notin, sifirin, 'yar washa, da ɗan zoben roba. Na ƙarshe biyun sukan maƙale a ramin. Haska tocila ka zaƙulo su da tsinke. Idan ka bar su, girgiza za ta fito da su cikin ruwa, ka zubar da su tare da datti ba ka sani ba.

4. Kwance cikinsa

Notunan kofi na baburan Japan, da da yawa daga cikin waɗanda aka kwaikwaya daga gare su, kansu ba irin na sita ɗin da aka saba ba ne. Wasu za ka ga ɗan ɗigo a kai. Sukudireba ta yau da kullum tana zamewa ta cinye kan. Zaɓi wadda ta zauna daram, danna da ƙarfi kafin ka murɗa, in ya ƙi ka ɗan buga ƙotar sau ɗaya ko biyu.

Cire kofi. Tura ɗan sandan da ke riƙe da fulota, wato abin da ke tasowa a kan man cikin kofi, ya fita, fulotar za ta taso da 'yar gajeriyar allurar da ke rufe mai. Idan sandan ya cije, gwada ta ɗaya ɓangaren, wasu ta gefe guda kawai suke fita. Kada ka sa guduma. Ƙafafu biyun da yake ratsawa suna karyewa, kuma in ɗaya ta karye kafireton ya zama na 'yan gwangwan.

A tsakiya akwai babban jet, ɗaure a kan wani dogon bututun tagulla mai 'yan huji a gefensa. Kwance su duka biyu ka raba su. A saman bututun akwai ɗan guntun mazauni da doguwar allura ke ratsawa; a wasu kafiretoci yana faɗowa da kansa, a wasu sai ka turo shi da tsinke daga maƙogwaro, wato babbar hanyar da iska ke bi. Duba wane kai ne ke sama kafin ya gangara. Kusa da babban jet, cikin rami mai zurfi, silo jet yake, kuma shi ne mai laifi a yawancin baburan da ake kawowa ana cewa, "Maigida, sai da cok yake tashi." Tagulla ce mai taushi. Sa sukudireba da ta cika tsagar daidai, ba ƙarama ba. Idan ya ƙi motsi kada ka yi kokawa da shi: bar shi a jiki, yi zagayen wanki ɗaya da ruwan ɗumi, ka sake gwadawa da zafinsa. Sau da yawa sai ya kwance ba gardama.

Kowane jet akwai lamba a jikinsa, rubuta ta. Idan cok ɗin na ɗan fistan ne mai roba a baki, zare shi. Jera komai a faranti bisa tsarin da ka cire shi.

5. Ware waɗanda ba za su shiga ruwa ba

Gasket, zobban roba, allurar fulota mai baƙin baki, fulota, da duk wata fatar roba, ko babbar da ke saman kafireton wasu manyan babura da sikuta, ko ƙaramar da ke ƙarƙashin wani ɗan murfi a gefe. Ruwan sabulu ba ya cin roba, amma tsohuwar roba ba ta son zafi da girgiza, kuma tsumma mai laima ya ishe su. Duk abin da ke da wayar lantarki, kamar cok ɗin sikuta mai aiki da kansa, kwance shi ka ajiye. Fistan ɗin totur mai baƙin rufi shi ma goge shi da hannu.

Tunda suna hannunka, duba lafiyarsu. Bakin allurar fulota idan ya yi zobe inda yake zama, canza shi, wanki ba ya hana shi yoyo. Girgiza fulota kusa da kunnenka, in ka ji motsin mai a ciki ta huje. Ɗaga fatar roba ka kalli rana ta cikinta kana ɗan ja, huji komai ƙanƙantarsa zai nuna.

6. Shirya na'urar

Zuba ruwa ya kai layin da aka zana a kwanon, ka tuna kafireto zai ƙara masa tsawo. Kada ka taɓa kunna ta babu ruwa ko da ruwa kaɗan, faifan ƙasa suna ƙonewa. Don ka rage wa hita aiki kana iya zuba ruwan ɗumi, amma ban da tafasasshe, domin faifan da gam aka manna su. Sa sabulu, saita zafi tsakanin digiri 50 da 60. Wuce haka ba ya ƙara tsabta, sai dai ya ƙara dusashe alminiyam.

Sabon ruwa yana ɗauke da iska a narke, iskar kuma tana kashe ƙarfin kumfar. Kunna na'urar babu komai a ciki minti 5 zuwa 10 ta fitar da ita. Wasu suna da maɓalli na musamman don haka. Za ka ji ƙarar ta sauya ta yi kaifi.

Idan na'urar sabuwa ce gare ka, ko ta hannu ka saya, gwada ta. Yanki siririyar takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, riƙe ta a tsaye cikin ruwan kamar minti ɗaya. Na'ura mai lafiya za ta yamutsa ta, ta huda ta ko'ina. In takardar ta fito sumul, ƙara kawai na'urar ke yi.

7. Jera kayan

Komai a kwando. Ƙarfen da ya zauna a gindin kwano yana hana shi girgiza, a hankali kuma yana cin gindin. Babu kwando? Gitta sanda a baki ka rataye kafireton da waya. Jet da bututu da notuna zuba su a kwalbar gilashi da ruwan sabulun, ka tsayar da ita a kwando. Girgizar tana ratsa gilashi, ba abin da zai ɓace. Mazubin roba mai kauri yana shanye ƙarfin, kada ka yi da shi.

Wajen nutsar da jikin kafireton kada ka yi sauri. Sa shi a karkace, ka juya shi a hankali cikin ruwan ta kowace fuska har ka daina ganin iska na tasowa. Sannan ɗebi ruwan da sirinji ka tura shi cikin ramin silo jet, da ramin notin iska, da 'yan ramukan da ke bakin kafireto ta ɓangaren iya kilina, da bututun shigar mai. Wannan 'yar ɗawainiya ta minti biyu ita ke bambanta wankin da ya yi da wanda bai yi ba, domin siraran hanyoyin ba sa cika da kansu.

8. Wankin

Saita minti 15 zuwa 20. Leƙa a farkon minti: za ka ga datti ruwan ƙasa yana fitowa daga ramuka kamar hayaƙi, yana bazuwa cikin ruwan. Rufe murfi, yana rage ƙara yana riƙe zafi. Kada ka tsoma hannu tana aiki.

Da ta tsaya, ɗago kwandon, goge cikin kofi da lungunan da danƙo ya yi laushi da buroshi, sake tura ruwa da sirinji, juya kafireton ta wata fuskar, ka maimaita. Babur ɗin da ake hawa kullum zagaye biyu ya ishe shi. Wanda ya daɗe a ajiye har cikin kofinsa ya yi kore zai ci uku ko huɗu. Idan ruwan ya yi duhu har ba ka ganin kwando, kashe, zare soket, zubar, sa sabo. Ni dai ba na barin jimillar lokacin ta wuce awa ɗaya. Abin da bai fita ba a nan, hannu yake bukata. Bar na'urar ta ɗan huta tsakanin zagaye, musamman masu arha. Kafireton da aka yi wa fenti, ka sa a ranka fentin na iya tashi.

9. Ɗauraya da busarwa, nan take

Kada ka fitar da shi ka tafi cin abinci. Alminiyam da aka bari da ruwan sabulu yana fitar da farin gari, garin kuma cikin ramukan da ka gama wankewa zai zauna. Ɗauraye da ruwa mai tsabta, mai ɗumi ya fi, ka tura shi ta kowane rami da sirinji. Sa tabarau, hura iska a kowace hanya ta kai biyu har laima ta daina fitowa. Riƙe jet da kyau, iska tana fizge shi ya ɓace a ƙasa.

Idan ba ka da kwamfuresa, je wurin mai faci, amma fara hura iskar a tafin hannunka: tankin da ba a zubar da ruwansa yana feso ruwa da tsatsa. Famfon keke ma yana yi, da haƙuri. Bayan hurawa shanya kayan a rana kan tsumma, a inda ƙura ba ta tashi. Notuna da sifirin da sandar cok na baƙin ƙarfe ne, shafa musu ɗan mai kada su yi ja.

Na'urar ma zare ta daga wuta, zubar da ruwan nesa da rijiya da wurin shan dabbobi, share kwanon ya bushe.

10. Tabbatar da kowace hanya

Kafireto zai fito yana ƙyalli, mai babur ya gani ya ji daɗi. Ƙyalli ba shaida ba ne. Ɗaga babban jet ka kalli haske ta cikinsa, ramin ya zama zagaye sosai, ba mai gefe a cike ba. Silo jet haka, sai dai raminsa ƙanƙani ne, ka rufe ido ɗaya ka juya shi a hankali har hasken ya faɗo. Bi hujin gefen dogon bututun ɗaya bayan ɗaya, da na gefen silo jet.

Sai hanyar silo a jikin kafireton, wadda ita ce dalilin duk wannan aiki. Sa tiyon gwangwanin feshi a ramin silo jet ka fesa. Ya kamata ruwan ya fito ta wuri uku: ɗan ramin iska da ke baki ta ɓangaren iya kilina, ramin notin iska, da ɗan huji ɗaya ko fiye da ke ƙasan maƙogwaro ta ɓangaren inji. Toshe biyun farko da yatsu ka sake fesawa, ka leƙa maƙogwaron daga gefe, ba kai tsaye ba. Ka ga siririn ruwa ya harbo tsaye, hanya ta buɗe. Ka ga yana tsattsafowa da ƙyar, ko bai fito ba sam, mayar da shi na'ura, hujin nan yana kallon ƙasa, ka cika shi da sirinji tukuna.

Haka za ka bi ramin iskar babban jet, da hanyar shigar mai, da ramin numfashin kofi. Masu cok na fistan suna da wata 'yar rijiya a jikin kofi mai huji a gindi. Cika kofin da ruwa kaɗan ka ga ko yana shiga rijiyar. Duba kuma siririn bututun tagulla da ke tsaye a cikin kofi. Idan ya tsage, mai zai riƙa zuba ta tiyon ƙasa ko da allurar fulota sabuwa ce, a yi ta canza allura a banza.

Jet ɗin da ya ƙi buɗewa, fere wayar lantarki mai silli-silli ka zare silin jan ƙarfe guda, ka zura shi a hankali. Ban da allurar ɗinki, ban da silin wayar birki, ban da abin huda. Ƙarfen da ya fi tagulla tauri yana faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, an yi gyaran gangar Auzinawa. Idan silin jan ƙarfe bai buɗe shi ba, sayi sabo mai lamba ɗaya da tsohon.

11. Haɗawa

Bi hotunanka daga ƙarshe zuwa farko. Jet a ɗaure shi ya zauna kawai, ba a matse shi. Notin iska: sifirin, washa, zoben roba, a murɗa ya taɓa a hankali, a dawo da shi adadin da ka rubuta. Kada ka shafa gam a gasket ɗin kofi, fetur yana narkar da shi ya koma cikin jet.

Kafin ka rufe kofi, gwada allurar fulota da baki. Sa tiyo mai tsabta a mashigar mai ka hura: kafireto a tsaye iska ta wuce, ka kifa shi ta tsaya cak. Idan tana wucewa a kife, allura ko mazauninta bai zauna ba. Goge mazaunin da auduga a kan tsinke. Tsayin fulota kowane kafireto da nasa ma'auni. Idan ba ka lanƙwasa ɗan harshen da ke danna allurar ba, bar shi yadda yake.

Wajen mayar da fistan ɗin totur, gefen da aka yanke a karkace yana kallon iya kilina, doguwar tsagar kuma ta hau ɗan ƙusan da ke cikin ramin. Ya sauka har ƙasa da kansa. Murɗa totur ka saki sau da yawa, ka ji yana komawa da 'yar ƙara, ka gwada kuma da kan babur a juye dama da hagu. Fistan da ya maƙale a sama, babur zai tashi da cikakken totur, kuma mutane suna jin rauni ta haka.

Kada ka buɗe famfon mai sai ka duba inda dattin ya fito. Tsiyayi mai daga tanki a kwalba. In da tsatsa ko ruwa, wanke tankin, ka sa 'yar matatar mai a tiyo, kibiyarta tana kallon kafireto. Soson iya kilina a wanke shi, ya bushe, a ɗan shafa masa mai a matse. Na takarda a canza. Wanda ya tsallake wannan, kafin sati biyu zai sake kwancewa.

12. Saiti

Tayar da babur ya yi zafi sosai, cok a kashe. Ɗaga silo kaɗan da babban noti. Juya notin iska kwatan zagaye a kowane juyi, kana dakatawa 'yan daƙiƙu bayan kowane juyi, har ka samu inda inji ya fi tashi da sauti mai daidaito. Sannan sauke silo. Yawancin ƙananan babura wajen zagayen inji 1,400 a minti suke so. Ƙaramin notin idan yana ɓangaren iya kilina, iska yake ƙarawa in ka fito da shi. Idan yana ɓangaren inji, mai yake ƙarawa. In sai ka fito da shi fiye da zagaye uku, ko ka kusa rufe shi, kafin inji ya daidaita, akwai sauran toshiya ko iska na shiga ta wani wuri. Bayan an ɗan yi tafiya cire fulogi: ruwan ƙasa-ƙasa daidai, baƙi mai gari mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan.

Idan babu na'ura

Matakan duk suna nan, na 6 zuwa na 8 kawai ke canzawa. Jiƙa jet da bututu a kalanzir su kwana. Jikin kafireton sa shi a tsohuwar tukunya da ruwan sabulun kwanuka mai zafi, ba a kan wuta mai ci ba, kamar rabin awa, kana tura ruwan da sirinji. Sauran aikin feshi da iska da silin jan ƙarfe ne. Ya fi cin lokaci, kuma a kan danƙon da ya shekara ba ya kai na'ura. Idan kuma na'urar ce ta yi ƙanƙanta, wanke rabi ka juya ka wanke rabi, sai dai layin ruwan na iya barin alama a jiki.

Akwai kuma abin da wanki ba ya gyarawa. Fistan ɗin totur da ya cinye har yana kaɗawa a raminsa, doguwar allura da ta yi gaɓa, mazauninta da ya koma kamar ƙwai maimakon zagaye, waɗannan canji suke so. Robar da ke tsakanin kafireto da inji in ta tsage, silo zai riƙa hawa yana sauka. Fesa ɗan ruwan feshi a wurin yayin da inji ke silo, in sauti ya sauya nan ne. Babur ɗin da har yanzu yake wahalar tashi da safe bayan hanyar silo ta harbo ruwa tsaye, bar kafireton haka, ka je ka auna bawul da fulogi.